Satchel Paige da Gardamar Gwanayen Jifa: Bitar Littafin Larry Tye

A Amurka da wuya masu sha'awar wasan besbol su zauna hira su tashi ba a taɓo gardamar nan ba: a cikin masu jifa, wa ya fi kowa? Kowa kuma da alƙalumansa yake zuwa. Mai goyon bayan Cy Young zai ce gwaninsa ya ci wasa 511 tsakanin 1890 da 1911, kuma har gobe babu wanda ya ko kusanci wannan adadi. Na Walter Johnson zai kawo nasara 417, da wasa 110 da abokan hamayya suka tashi babu ko maki ɗaya. Wani ya ce Nolan Ryan, wanda ya kori masu duka 5,714. Wani ya ce a bar zancen daɗewa, a dubi lokacin da tauraron mutum ya fi haske, sai ya ambaci Sandy Koufax na 1963 zuwa 1966, ko Bob Gibson na 1968, ko Pedro Martínez na 1999 da 2000. Ana cikin haka sai wani dattijo ya gyara murya ya ce, to, Satchel Paige fa? A nan lissafi yake rikicewa. Mutumin da manyan 'yan wasan zamaninsa irin su Joe DiMaggio da Dizzy Dean suka yi wa shaidar fifiko, shekara da shekaru abin da kundin babbar gasa ya rubuta masa shi ne ya ci wasa 28, an cinye shi 31.

Wannan giɓi da ke tsakanin suna da kundi shi Larry Tye ya shiga da littafinsa mai suna Satchel: The Life and Times of an American Legend, wanda kamfanin Random House ya buga a 2009. Tye tsohon ɗan jaridar Boston Globe ne, kuma kafin wannan ya rubuta littafi a kan baƙaƙen ma'aikatan da ke hidima a taragun jirgin ƙasa na kamfanin Pullman. Wannan aiki na baya ya yi masa rana, domin ya san yadda tafiya take ga baƙar fata a zamanin dokokin wariya: inda zai kwana, inda za a sayar masa da abinci ta ƙofar baya, garin da bai kamata faɗuwar rana ta same shi a ciki ba. Ya tattauna da tsofaffin 'yan wasa fiye da 200, baƙaƙe da farare, ya kuma bi tsofaffin jaridun baƙaƙen fata shafi shafi. Littafin ya samu lambar yabo ta Casey da ta Seymour, waɗanda ake ba littattafan besbol da suka yi fice.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ga abin da ya kamata ya riƙe. Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu, tazarar kusan mita 18 da rabi daga mai duka, ya wurga ƙwallo ta saman wani ɗan faranti da ke ƙasa mai faɗin santimita 43. Mai duka yana riƙe da gora yana jira. Idan jifa uku masu kyau suka wuce shi, an kore shi ke nan. Wasa zango tara ne, kuma babban ma'aunin mai jifa shi ne matsakaicin makin da ake ci a kansa a zango tara: wanda aka samu 3 a kansa gwani ne, wanda ya sauko ƙasa da 2 kuwa ya zama abin tsoro. Rabin wasan, in ma bai fi ba, a hannun mai jifa yake.

An haifi Leroy Paige a Mobile ta jihar Alabama ranar 7 ga Yuli, 1906. Wannan kwanan wata da na rubuta cikin sauƙi, shi kansa an sha fama kafin a tsayar da shi, domin Paige ya mayar da shekarunsa abin wasa da 'yan jarida, yau ya faɗi wannan gobe ya faɗi wancan, saboda ya gane cewa ruɗanin ma talla ne. Tye ya tsaya a kan takardar haihuwar da ke ofishin lafiya na Mobile. Laƙabin Satchel kuma, a ruwayar da ta fi shahara, daga dakon jakunkunan fasinjoji a tashar jirgin ƙasa ya samo shi yana yaro. Yana da shekara 12 aka kama shi da ɗan hali a wani kanti, aka haɗa da laifin gudun makaranta, aka tura shi gidan horon yara baƙaƙe da ke Mount Meigs, inda ya yi fiye da shekara biyar. A can wani malami ya ga yaron da ya ƙware wajen jifa da dutse, ya koya masa ɗaga ƙafa sama da sakin ƙwallo a makare yadda mai duka ba zai ga tahowarta ba. Wannan babi yana cikin mafi daɗi a littafin. Tye bai mayar da gidan horon aljanna ba, bai kuma ɓoye cewa a can yaron ya samu abinci da tsari da sana'ar da ta ciyar da shi har tsufa ba.

Daga 1926 sai hanya. Chattanooga, sannan Birmingham Black Barons, sannan Pittsburgh Crawfords ta Gus Greenlee, inda ya haɗu da Josh Gibson da Cool Papa Bell da Oscar Charleston a ƙungiyar da har yau ake lissafa ta cikin mafi ƙarfi da aka taɓa haɗawa. Dogo ne siriri, mai tafiyar ƙasaita zuwa tudun jifa, kuma abin da waɗanda suka gan shi suka fi nanatawa shi ne saiti, fiye ma da ƙarfin jifan. Yakan ajiye takardar cingam a ƙasa ya riƙa bi da ƙwallo ta kanta. Yakan kira masu tsaron bayan fili su dawo su zauna, ya kori masu duka shi kaɗai, jama'a na ihu. Bai san zaman wuri ɗaya ba, bai kuma ɗauki yarjejeniya a bakin komai ba; duk wanda ya fi biya, can ya nufa. A 1935 ya koma Bismarck ta Dakota ta Arewa, inda wani dillalin motoci, Neil Churchill, ya haɗa ƙungiyar baƙaƙe da farare, suka je Wichita suka ɗauki kofin ƙasa na ƙungiyoyin da ba na babbar gasa ba, shekara 12 kafin Jackie Robinson ya keta katangar wariya ya shiga babbar gasa. A 1937 ya kwashi abokan wasansa zuwa Jamhuriyar Dominika suka buga wa ƙungiyar ɗan kama-karya Rafael Trujillo. A 1938 a Meziko hannunsa ya mutu murus, har aka ɗauka ta ƙare masa. J. L. Wilkinson, mai ƙungiyar Kansas City Monarchs, ya ɗauke shi ya sa shi a ƙaramar tawagar da ke yawon ƙauyuka, don sunansa kawai ya jawo 'yan kallo. Ba a rufa shekara biyu ba hannun ya dawo.

Duk wannan labari ne mai daɗin ji, kuma Tye ya iya ba da shi. Amma inda littafin ya fi burge ni shi ne yadda ya yi da matsalar hujja. Gasannin baƙaƙe, waɗanda Rube Foster ya aza harsashinsu a Kansas City a 1920, ba su da kuɗin ɗaukar marubutan da za su bi kowane wasa. Wasannin gasa na hukuma kaɗan ne. Yawancin abincin 'yan wasa daga yawon garuruwa yake fitowa, ana karawa da ƙungiyar ma'aikatan masana'anta yau, gobe da ta 'yan babbar gasa da ke hutu. Paige ya ce shi da kansa yana riƙe da nasa lissafi, kuma a faɗarsa ya yi jifa a wasa kusan 2,500, ya ci kusan 2,000. Mai son alƙaluma zai yi dariya. Mai son almara zai haɗiye. Tye ya ɗauki hanya mai wahala: ya ɗauko iƙirari, ya nemi jaridar da ta ba da rahoton ranar, ya tambayi wanda yake filin, sannan ya nuna wa mai karatu inda suka dace da inda suka saɓa. Sau da yawa abin da ke fitowa shi ne an ƙara gishiri, amma naman yana nan.

Misali mai kyau shi ne karonsa da Josh Gibson a wasannin ƙarshe na gasar baƙaƙe a 1942, lokacin da Monarchs ta su Paige ta lallasa Homestead Grays ta su Gibson. Yadda Paige da abokinsa Buck O'Neil suka riƙa ba da labarin, da gangan ya bar masu duka suka wuce har tashoshi uku da suke tsayawa a kai kafin su ci maki suka cika, don kawai ya fuskanci Gibson, ya kuma riƙa gaya masa irin jifan da ke tafe kafin ya sake shi. Rahotannin lokacin sun tabbatar da cewa tashoshin sun cika, kuma ya kori Gibson da jifa uku. Batun gangancin ne babu shi a cikinsu. To, ko an cire ƙarin, abin da ya rage ai ya isa abin faɗa.

Mai karatu Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba. Babu wanda ya ajiye mana kundin yawan damben da Shago ya yi ko adadin waɗanda ya kayar. Abin da ya riƙe sunansa shi ne bakin waɗanda suka gani da waƙar Ɗan Anace. Ba wanda zai ce don babu kundi Shago bai yi dambe ba, ba kuma mai hankalin da zai ɗauki kowace kalmar kirari a matsayin rahoto. A tsakanin nan mai tarihi yake aikinsa, kuma Tye ya yi shi da haƙuri.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wajena kuwa tana cikin waɗancan alƙaluma 28 da 31 da ake raina shi da su. Bill Veeck, mai ƙungiyar Cleveland Indians, ya ɗauki Paige ranar 7 ga Yuli, 1948, ranar da ya cika shekara 42, shekarun da yawancin masu jifa sun daɗe da rataye takalmi. Jaridar The Sporting News ta ce wasan kwaikwayo ne kawai don a tara jama'a. Jama'ar kuwa sun taru: ranar 20 ga Agusta mutum 78,382 suka cika filin Cleveland, suka ga ya hana Chicago White Sox maki ko ɗaya, kamar yadda ya hana su mako guda kafin nan a gidansu. Ya ƙare kakar da nasara 6, faɗuwa 1, matsakaicin maki 2.48, Cleveland ta ɗauki kofin World Series, shi kuma ya zama baƙar fata na farko da ya yi jifa a wannan mataki. A shekarar ce hukumar gasar ta haramta wani salon jifansa na dakatawa a tsakiyar motsi, wanda ke sa mai duka ya kai gora kafin ƙwallo ta iso. A 1952, yana da shekara 46, ya ci wasa 12 wa St. Louis Browns, ƙungiyar da ke can ƙasan tebur, aka kuma zaɓe shi cikin taurarin gasa a shekarar da mai bi mata. Ranar 25 ga Satumba, 1965, Charlie Finley na Kansas City Athletics ya dawo da shi don nishaɗi, har da kujerar lilo a gefen fili. Yana da shekara 59 ya yi zango uku da Boston Red Sox, babu maki, kuma Carl Yastrzemski kaɗai ya samu dukan kirki. Idan ragowar hannun ke nan, mai karatu ya ƙiyasta yadda yake a 1934.

Akwai kuma gefen da masu gardama kan manta, wanda littafin ya sa ni dole na tsaya a kansa. Ana cewa ba a gwada Paige da manyan farare a gasa ta hukuma ba sai da ya tsufa. Gaskiya ne. Amma Walter Johnson ma bai taɓa fuskantar Oscar Charleston a wasan gasa ba, Lefty Grove bai fuskanci Josh Gibson ba. Wariyar ta rage darajar kundin kowane ɓangare. Bambancin kawai shi ne ɗaya ɓangaren yana da akawu.

Babban ra'ayin da Tye ya gina littafin a kai shi ne Paige ne ya share hanyar da Jackie Robinson ya bi a 1947. Yana nufin cewa shekaru ashirin na cika filaye da 'yan kallo farare, da doke tawagar Dizzy Dean a 1934 a gaban kowa, da shiga manyan mujallu irin su Time da Life a farkon shekarun 1940, su suka nuna wa masu ƙungiyoyi cewa akwai iyawa a can, akwai kuma kuɗi. Robinson abokin wasansa ne a Monarchs a 1945, ƙaraminsa ƙwarai a suna, amma shi Branch Rickey, shugaban ƙungiyar babbar gasar da ta ɗauke shi, ya zaɓa: matashi, ɗan jami'a, tsohon hafsan soja, wanda zai yarda ya fara daga ƙaramar gasa a Montreal, ya kuma shanye zagi bai rama ba. Tye ya nuna yadda abin ya yi wa Paige ciwo ko da yake a bainar jama'a ya yaba. Na yarda da rabin wannan ra'ayi. Tasirin Paige a kan rushewar katangar gaskiya ne. Amma a wasu wurare marubucin yana so ya ɗora masa rigar ɗan gwagwarmaya wadda ba ta zauna masa daidai ba. Mutumin da littafin kansa ya zana ɗan kasuwa ne mai wayo, wanda ya san darajar hannunsa ya ƙi sayar da shi da arha, yana saɓa alkawari, yana makara, wani lokaci ma ba ya zuwa, kuma rayuwar aurensa cike take da ruɗani. Wannan hoton ya fi gamsar da ni, kuma bai rage masa komai ba. Baƙar fatar da ya tilasta wa farare su biya shi kason kuɗin ƙofa a Amurkar 1930 ba ya bukatar a yi masa ƙarin ado.

Inda na fi jin littafin ya gaza shi ne wajen mutanen da inuwar Paige ta rufe. A Monarchs an saba Paige ya yi zango uku na farko don 'yan kallo su ga abin da suka biya, sannan Hilton Smith ya karɓa ya yi shidan da suka rage. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da yawa daga abokan wasansu sun ce a waɗannan shekaru Smith bai gaza Paige ba, kuma ƙwallonsa mai lanƙwasa ta fi ta kowa a gasar. Ya rasu a 1983, ba a shigar da shi Zauren Gwarzaye na Cooperstown ba sai 2001. Smokey Joe Williams, wanda a 1930, yana da shekara arba'in da 'yan kai, ya kori 'yan Monarchs 27 a wasa guda mai zango 12, shi ne ya zo gaban Paige da ƙuri'a ɗaya a zaɓen da jaridar Pittsburgh Courier ta shirya a 1952. Sai 1999 aka tuna da shi. Bullet Rogan, wanda ya haɗa jifa da duka, sai 1998. Littafin tarihin mutum ɗaya ne, na sani, ba kundin gasa ba. Duk da haka, wanda ya rufe shi zai iya tashi da tunanin cewa gasannin baƙaƙe sun haifi gwanin jifa ɗaya tak, alhali shi Paige ya fi sauran iya magana da 'yan jarida ne, ya kuma fi su tsawon rai a fili. Ƙaunar da Tye ke yi wa gwarzonsa takan sa, idan ruwayoyi biyu suka yi kunnen doki, ya karkata ga wadda ta fi yi wa Satchel kyau. Tsakiyar littafin kuma tana da ɗan nauyi, gari bayan gari, ƙungiya bayan ƙungiya, har mai karatu ya fara jin gajiyar motar.

Batun Cooperstown shi kansa darasi ne a kan yadda ake raba girma. Dokar zauren ta ce sai wanda ya yi shekara goma a babbar gasa, wato an hana mutum shiga gida sannan an ce ba ya cikin masu gado don bai kwana a gidan ba. Ted Williams ne, a jawabinsa na shiga zauren a 1966, ya yi kira a fili da a sa Paige da Josh Gibson. Da aka tashi yi a 1971, sai aka fara shirin ware wa 'yan gasannin baƙaƙe wani sashe dabam. Jama'a suka yi ca, suka ce wariya ce aka sake wa riga, aka janye, aka shigar da Paige cikakken ɗan zaure a watan Agustan shekarar. Ya rasu a Kansas City ranar 8 ga Yuni, 1982.

Abin da ya biyo bayan fitowar littafin ya ƙara masa nauyi. A Disambar 2020 hukumar babbar gasa ta amince cewa gasanni bakwai na baƙaƙe, daga 1920 zuwa 1948, manyan gasanni ne. A Mayun 2024 aka haɗe alƙalumansu da na kowa, bayan aikin shekaru da masu bincike suka yi suna tono sakamakon wasanni daga tsofaffin jaridu. Josh Gibson ya hau saman Ty Cobb a matsakaicin duka, shi kuma Paige matsakaicinsa na 1944, wato 1.01, ya zama na uku a tarihi, gaban 1.12 na Bob Gibson da aka daɗe ana kafa misali da shi. Kakar gasar baƙaƙe gajeriya ce, don haka ba a rasa masu ja da wannan kwatanci ba, kuma suna da abin faɗa. Sai dai yanzu gardamar ta koma kan teburi ɗaya. A gefe guda kuma Roger Clemens, mai nasara 354 da lambar Cy Young har bakwai, yana wajen zauren Cooperstown saboda zargin shan ƙwayoyin ƙara kuzari, abin da ke nuna cewa ko a yau alƙaluma kaɗai ba sa buɗe ƙofar zauren.

Idan aka ce in faɗi wanda ya fi kowa a kaka ɗaya, Pedro Martínez na 2000 zan ce, mai matsakaicin 1.74 a zamanin da masu duka ke cin karensu babu babbaka. Idan kuwa rayuwar jifa gaba ɗaya ake magana, Walter Johnson da Satchel Paige nake sawa a sahun gaba, kuma littafin Tye ne ya ba ni ƙarfin halin ambaton na biyun ba tare da kame-kame ba. Turancinsa mai sauƙi ne, ko wanda bai taɓa kallon besbol ba zai bi shi, domin rabinsa tarihin Amurka ne a zamanin wariya. Wanda ya samu ya karanta, in ya gama kuma ya nemi labarin Hilton Smith da Smokey Joe Williams.